Hotunan bugun katako na Japan: yaya ake gane na sabuwar shekara?

Ummi Mai Zane:

Salam jama'a. Dan Allah masu sanin harkar zane na zo da tambaya. Ina aiki a wani shagon buga takardu, ni ke tsara kalanda da katin biki, to shekaran jiya oga ya kawo wata tsohuwar kalanda ta wani kamfanin Japan yace in duba yadda suka tsara ko za mu samu abin ɗauka. Shafin Janairu hoton wani jirgin ruwa ne mai tanti, an cika shi da mutum bakwai duk suna dariya, ɗaya na riƙe da ƙaton kifi, ɗaya da guduma, wani kuma kansa dogo abin mamaki, mace ɗaya ce kawai a cikinsu tana kaɗa wani abu kamar molo. Na shiga intanet na gano wai hotunan da ake bugawa da katako ne tun da can, sai dai duk inda na buɗe sai in ga ana cewa wannan na sabuwar shekara ne wancan ma na sabuwar shekara ne, alhali ni ban ga komai da ya haɗa su ba, wani ma dare ne baƙi ƙirin da wasu dabbobi a gindin bishiya. Me ke nuna hoto na sabuwar shekara ne? Kuma da gaske da katako aka fitar da kaloli haka ba inji?

Ɗan Nagoya:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Jirgin nan da kika gani takarabune suke ce masa, jirgin dukiya, har gobe ana manna shi a shaguna da bankuna idan shekara ta zo ƙarshe, ni ma a garejin da nake sayen motoci akwai shi a bango. Mutum bakwai ɗin nan allolin sa'a ne a al'adarsu. Mai kifi da sandar fatsa shi ne Ebisu, na masunta da 'yan kasuwa. Mai guduma da ke tsaye kan buhunan shinkafa Daikoku. Macen Benzaiten, mai ƙaton tumbi da jaka Hotei, mai kayan yaƙi Bishamon, sai tsofaffi biyu Fukurokuju mai dogon kai da Jurojin. Abin dariyar, Ebisu ne kaɗai ɗan gida, uku asalinsu Indiya ne uku China.

Da can ba ratayewa ake yi ba, sawa ake a ƙarƙashin matashin kai a daren farko ko na biyu na shekara don a yi mafarki mai kyau, saboda sun ɗauki mafarkin farko na shekara da muhimmanci sosai. Masu talla na yawo da shi layi-layi suna kira, takarda ce mai arha, galibi da wata gajeriyar waƙa a jiki wadda ko daga farko ka karanta ko daga ƙarshe abu ɗaya za ta baka. Idan mutum ya yi mugun mafarki sai ya kai takardar kogi ya jefa ruwa ya tafi da shi, shi kenan.

Kuma mafarkin da suka fi so shi ne na ɗaya dutsen Fuji, na biyu shaho, na uku gauta. Eh gauta dai, irin baƙar nan doguwa. Don haka in kin ga hoton mace ta kwanta tana barci ga wani farin hayaƙi ya fito daga kanta da dutse da tsuntsu da gauta a ciki, ba sai an faɗa miki ba. Sauran kuma mai sauƙi ne, ki nemi dusar ƙanƙara, ai 1 ga Janairu tsakiyar sanyi ne a nan Japan, sanyin da sai ka ji kunnenka zai cire.

Malam Tsoho:

Ɗan Nagoya ka yi ƙoƙari, bayanin jirgin daidai ne, amma zancen dusar ƙanƙara zai ɓatar da yarinyar nan. Na koyar da zane shekaru kafin in yi ritaya kuma wannan fannin na daɗe ina bibiyarsa, bari in ɗan tsawaita.

Yawancin hotunan nan an yi su ne a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, Edo kuwa shi ne Tokyo ta yau. A lokacin Japan ba da kalandar Turawa take aiki ba, da wata take lissafi, wata kwana 29 ko 30 kamar dai yadda muka sani a lissafin Hijira, bambancin kawai su suna ƙara wata na 13 kusan duk shekara uku don kada lissafin ya gudu ya bar damina da noma. Saboda haka sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da wajen tsakiyar Fabrairu, kuma a wurinsu farkon bazara ce, sanyi ya fara sakin jiki. Shi ya sa za ki ga furen ume, wata bishiya da ke fidda fure tun kafin ganye, ya cika hotunan. Sai a 1873 suka koma kalandar Turawa, kuma da gaggawa aka yi, ranar 2 ga watansu na 12 aka kwana aka tashi 1 ga Janairu. Ana yawan cewa har da dalilin kuɗi, don shekarar mai zuwa tana da wata 13 gwamnati kuma aljihu ya bushe, ga albashi.

To 'yata ga inda nake so ki tsaya, tunda ke mai kalanda ce. Watannin nan ba a tsaye suke ba, bana wata na uku ya yi 30 baɗi ya yi 29, kuma mutane na buƙatar sani saboda a ƙarshen wata ake biyan bashin shago da haya. Buga cikakkiyar kalanda kuwa sai wanda hukuma ta ba izini. Sai masu hali da masu ilimi suka ɓullo da wata dabara, su sa a yi musu ɗan hoto a ɓoye lambobin dogayen watanni ko gajeru a ciki, a jikin zanen rigar mace, a ɗamararta, a ganyen bishiya, a raba wa abokai a matsayin gaisuwar sabuwar shekara, wanda ya karɓa ya zauna ya nemo. Sunansa egoyomi. A 1765 abin ya zama yayi a Edo, ana taruwa ana musayar su ana gasar na wa ya fi, wani samurai, wato ɗan ajin mayaƙan da ke mulki a lokacin, mai suna Okubo Jinshiro, wanda ke sa hannu da Kyosen, yana cikin manyan masu shirya taron. Tunda kuɗi ba matsala ba ne a wurinsu sai suka matsa wa masu sassaƙa da masu bugu su ƙara kala kan kala. Kafin nan yawanci baƙi ne da kala biyu ko uku, ko a shafa kala da hannu. Mai zanen da ya fi yi musu aiki shi ne Suzuki Harunobu, kuma da 'yan kasuwa suka ga abin ya yi kyau sai suka karɓi katakan suka goge lambobin watannin suka buga don sayarwa. Daga nan hoto mai cikakkiyar kala ya shiga kasuwa. Wato duk waɗannan shahararrun hotunan da duniya ta sani, har da hoton igiyar ruwan nan na mai zane Hokusai da ake bugawa a riga da kofi, hanyarsu ta biyo ne ta kan kalandar sabuwar shekara. Harunobu bai daɗe ba, ya rasu 1770, amma a 'yan shekarun nan ya canja sana'ar gaba ɗaya.

Batun katako kuwa gaskiya ne, ba inji. Mutum huɗu ne a aikin, mai zane, mai sassaƙa, mai bugu, da mawallafi wanda shi ke zuba kuɗi kuma shi ke da katakan. Mai zane zai zana da baƙar tawada a siririyar takarda, mai sassaƙa ya kife ta a kan allon itacen ceri ya manne, ya kankare bayanta har layukan su bayyana, sannan ya sassaƙe duk inda ba layi, kin ga asalin zanen ya tafi kenan ba ya dawowa. Kamar mai yanka hatimi ne a bakin kotu, sai dai shi wannan gashin kan mace yake fitarwa sili-sili a juye. Kowace kala da nata allon. Mai bugu zai shafa kalar da buroshi ya haɗa da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda mai ɗan danshi, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, baren sunansa, da ƙarfin kafaɗa kawai. Abin da ke hana kalolin zamewa wasu 'yan tsaga biyu ne a gefen kowane allo, ɗaya a kusurwa ɗaya a miƙe, nan ake jingina takardar kowane zuwa. Ke da kike fama da inji idan ja ya zame ya bar shuɗi kin san abin da nake nufi.

Alamomi kuma, ki fara duba ƙofar gida. In kin ga an kafa rassan matsu, bishiyar da ganyenta kamar allura kuma ba ya bushewa da sanyi, an haɗa da gora a gefen ƙofa biyu, wannan kadomatsu ne, magana ta ƙare. Ko igiyar karan shinkafa da fararen takardu a rataye. Ko 'yan mata na buga wani ɗan ƙwallo mai gashin tsuntsu da allo mai ado. Ko yara sun saki abin nan na takarda da ake ɗaure wa zare iska ta ɗaga shi sama. Wani mai zane Hiroshige yana da wani hoto a jerin wurare ɗari na Edo inda bai ma nuna 'yan matan ba, allunan biyu kawai suka leƙo daga gefe da gefe ga ƙwallon a sama, ya bar miki ki cika sauran da kanki. Ni wannan ya fi burge ni a kan jirgin dukiya, wanda gaskiya hayaniya ta yi masa yawa.

Abu Safiyya:

Malam Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Ni dai tunatarwa ce ga 'yar'uwa, tunda an ce waɗannan bakwai ɗin ababen bauta ne a wurinsu, kuma har ana sa takardar a ƙarƙashin filo don neman sa'a, to a kula. Sanin tarihinsu daban, ɗauko su a sa a kalandar da za a rataye a gidajen musulmi daban. Kar oga ya ga sun yi kyau yace a kwafa.

Ummi Mai Zane:

Hhh Yaya Abu Safiyya kwantar da hankalinka, ko na saka ma kwastomominmu ba za su karɓa ba, masallatai da makarantun Islamiyya ne rabinsu. Tsarin nake so in koya da yadda suke barin fili a hoto ba sa cika ko'ina. Baba Malam na gode sosai wallahi, zancen ɓoye lambobin wata a cikin zane ya tsaya min a rai, ina ganin zan gwada da zanen hula ko na lalle. Amma ba wanda ya taɓo min na daren nan mai dabbobi, shi ne ya fi ɗaure min kai, ba ado ba dariya ba kowa, ya za a ce na biki ne? Sannan akwai wasu ƙanana masu kusurwa huɗu da rubutu ya cika samansu, wani ma hoton kofin shayi ne kawai da reshen fure, su ma an ce na sabuwar shekara.

Malam Tsoho:

Abu Safiyya maganarka a kan hanya take, kuma ma mafi yawan hotunan ba su da alaƙa da gumaka, titi ne da kasuwa da mata da yara.

'Yata na daren nan na Hiroshige ne, 1857, yana cikin jerin wurare ɗari na Edo da na ambata, shekara guda kafin rasuwarsa a 1858 lokacin da annobar kwalara ta shiga garin. Wurin sunansa Oji, yanzu unguwa ce a arewacin Tokyo, a lokacin gonaki ne. Dabbobin yanyawa ne. Mutanen wurin suna da labarin cewa a daren ƙarshe na shekara duk yanyawan yankin Kanto, inda Edo take, suna taruwa a gindin wata babbar bishiya su kintsa kafin su wuce wurin bautar Inari da ke Oji, wanda a al'adarsu shi ke kula da shinkafa, yanyawa kuma 'yan aikensa ne. Kowace da ɗan harshen wuta kusa da bakinta, manoma kuma wai suna ƙirga wutar daga nesa su yi hasashen yadda amfanin gona zai kasance. Ki ƙara girman hoton ki duba can baya, za ki ga ɗigo-ɗigon wuta suna tahowa a layi ta cikin gona, wasu ne ke kan hanya. A duk jerin shi ne wanda ya bar abin da ido ke gani ya shiga tatsuniya. Kuma ta fuskar bugu yana da wuya ƙwarai, don dare ne aka gina da toka-toka kan toka-toka da baƙi da shuɗi mai duhu, sai jikin yanyawan da aka bari da haske. In mai bugu ya cika hannu komai ya dunƙule, in ya rage dare ya tafi. Shi ya sa bugun farko da na baya suke da bambanci sosai a ido.

Daren ƙarshen shekara a Edo ma ba daren shagali ba ne ga kowa, daren masu bin bashi ne, ana yawo da fitila gida-gida har tsakar dare saboda lissafin shekara dole a rufe shi. Sai gari ya waye sannan a sa sabon kaya.

Ƙananan masu rubutu kuwa su ne surimono, kuma a wurina su ne ƙololuwar sana'ar. Jikokin egoyomi ne. Ba a sayar da su a shago. Ƙungiyoyin masu rubuta waƙar barkwanci, kyoka, su ke haɗa kuɗi duk ƙarshen shekara, kowa ya kawo baitinsa, a ɗauki mai zane a buga kaɗan a raba tsakanin juna. Girmansu wajen santimita 20 da 18, sun fi tashe daga wajen 1790 zuwa shekarun 1830. Tunda ba na kasuwa ba ne ba sa bi ta hannun masu tace hotuna na hukuma, kuma ba a jin tsoron kashe kuɗi, takarda mai kauri, garin tagulla da na kuza don ya yi ƙyalli kamar zinariya da azurfa, sannan wani bugun da ba kala sam, a danna takardar kawai ta yi tudu, da shi ake fitar da gashin farin tsuntsu ko saƙar tufa. Wannan a waya ba za ki gan shi ba sai an haska fitila daga gefe. Hoton kasuwa kuwa kuɗinsa bai wuce na kwanon taliyar soba ɗaya ko biyu ba, har a 1842 hukuma ta ƙayyade farashi da yawan kala.

Dalilin da za ki ga kofi da reshe kawai, hoton amsa ne ga waƙar, wasa ne tsakanin masu ilimi, kuma sau da yawa dabbar shekarar ce ake zagayawa. Suna da dabbobi 12 da ke juyawa, ɓera, sa, damisa, zomo, dodon nan mai jikin maciji, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare, aladen daji. A 1822 shekarar doki ce, Hokusai ya yi jeri guda a kan doki wanda a yawancinsu ba dokin kansa, sai wani abu da sunansa ko labarinsa ya taɓa doki, kai ka gano. Almajiransa ma sun yi suna a nan, Totoya Hokkei wanda asalinsa mai sayar da kifi ne, da Yashima Gakutei.

Ɗan Nagoya:

Malam na sallama kan dusar ƙanƙara, mu da muka zo jiya Janairu muka tarar. Amma zan ƙara abu biyu. Yanyawan Oji ɗin nan har yanzu ana yinsu, tun shekarun 1990 mutanen unguwar suka farfaɗo da abin, daren 31 ga Disamba ana fentin fuska ko a sa fuskar yanyawa ta takarda a riƙe fitilu a yi jerin gwano zuwa wurin bautar, kuma hoton Hiroshige ɗin ne suka kalla suka tsara shi. Na biyu, al'adar aika hoto a sabuwar shekara bata mutu ba, ta koma katin gidan waya, nengajo, ana zuba su tun Disamba gidan waya ya riƙe ya raba safiyar 1 ga Janairu, tun 1949 ma akwai lambar caca a jiki. Yana raguwa sosai yanzu saboda waya, matasa saƙo kawai suke turawa, amma akwai tsofaffin da har yau suke sassaƙa dabbar shekara a ɗan katako su buga da hannunsu, kuma yaran firamare ana koya musu sassaƙar a aji. 2026 ma doki ne, zagayen ya dawo.

Sai gargaɗi ga duk mai son saye, kar wani ya nuna maka surimono a intanet yace na 1820 ne ka zuba kuɗi. An sake sassaƙa da yawa daga cikinsu a wajen shekarun 1890 don sayar wa Turawa masu yawon buɗe ido, su ma yanzu sun tsufa sun yi kalar da, sai ƙwararre ke rabewa.

Malam Tsoho:

Haka ne. Ummi ke da ba saye za ki yi ba, ki shiga shafin gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ko Rijksmuseum na Amsterdam, suna barin a sauke tsofaffin hotunan nan da girmansu kyauta, ki rubuta surimono ko egoyomi a wurin nema. Gidan tarihi na Brooklyn kuma yana da cikakken jerin Hiroshige mai kyawun bugu. In za ki gwada ɓoye lambobin, ki fara da na Harunobu na 1765, ki ga ko za ki iya nemo su da kanki kafin ki karanta bayanin da ke ƙasa. Sai dai lambobin da rubutunsu ne, ki fara haddace ɗaya zuwa sha biyu, na ɗaya da biyu da uku layuka ne kawai a kwance, daga huɗu ne aikin yake farawa.